Murfin Randar Kakar Inna

Ina cikin naɗe murfin randar a zane, direba yana jira, sai Gwaggo ta riƙe hannuna.

Murfin na yumɓu ne. Tun kafin zuwan Turawa fatake suka kawo wa kakar Inna shi a kan jaki. Yanzu Inna ta rasu, muna kwashe kayanta daga Dayi zuwa Funtuwa.

"Kwantar da shi za ki yi? Fashewa zai yi, 'yar nan. A tsaye ake cusa shi cikin ƙaiƙayi."

"Gwaggo, ina ƙaiƙayi yanzu?"

"Duba bayan rumbu. Na sussukar uwarki ta ƙarshe yana nan."

Da hawaye na ɗebo. Murfin ya isa Funtuwa lafiya, alhamdulillahi.

Ku ma akwai abin da ake lallaɓawa haka a gidanku?