Yadda Na Ƙone Fatata Don a Ce Na Yi Kyau

Edita, lokacin da abin nan ya same ni, ni budurwa ce da ta ɗan haura shekara ashirin, haifaffiyar unguwar Bracodi a cikin Adjamé, a birnin Abidjan, ina kitso da gyaran gashi a wani shago kusa da Roxy. Iyayena Hausawa ne daga wajen Maraɗi, kuma Kiristoci ne, abin da har yau in na faɗa wa Bahaushen Abidjan sai ya sake dubana. Babana garba yake sayarwa, wato dambun rogo da ake kira aceke da soyayyen kifi, tun kafin a haife ni. Dogo ne, baƙi wuluk, marar yawan magana, kuma a cikin 'ya'yansa ni kaɗai na ɗauko launinsa kaf. Ƙannena mata biyu Inna suka biyo, wankan tarwaɗa ne. Ba zan kama sunan kowa a wannan labari ba, ko da yake akwai waɗanda suka cancanci a kira sunansu a tsakiyar kasuwa.

Tun ina lakwal, wato makarantar boko, yara suke kirana gawayi, kuma ban taɓa ganin babban da ya tsawata musu ba. Ƙawayen Inna in sun zo gidanmu sai su yaba ƙannena, sannan su juyo gare ni su ce wannan kam ta Baba ce, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Na girma da yarda cewa da sauran kayan da suka rage aka haɗa ni. Ina yini a shagon da madubi ya kewaye, amma na ƙware wajen kallon kan wadda nake yi wa kitso kawai ba tare da idona ya faɗa kan fuskata ba. In mutum biyu suka yi dariya a cikin bas, na riga na yanke cewa da ni suke. Abu ɗaya na san ina da shi, murya. Shi ya sa cocinmu da ke Treichville, inda ake sujada da Hausa da Faransanci, ya zama wurin da nake iya ɗaga kai, domin a ƙungiyar mawaƙa ni ce mai ja waƙa.

A wannan coci akwai wata mata da kowa ke kira Tanti, matar ɗaya daga cikin dattawan coci, ita ce kuma shugabar zumuntar mata. Fara ce sol, kullum cikin leshi da ƙamshi. Da aka fara ɗaukar sujada a bidiyo ana sa wa a intanet, ita ta ɗauki nauyin tsara tsayuwar mawaƙa. Ta jera farare a gaba, ta mayar da ni can baya da makirfo a hannuna. Da na kalli bidiyon a wayata, sai na ji muryata tana tashi, amma fuskar wata yarinya ake nunawa tana motsa baki. Na yi ƙarfin hali na tambayi Tanti, ta ce kada in damu, kamara ce ba ta kama ni da kyau. Bayan sujada ta ja ni gefe, ta kira ni 'yarta, ta ce Allah ya ba ni murya amma dole in taimaki kaina, in ba haka ba zan tsufa a ɗakin Inna. Ta ce abin da za ta ba ni ba caco ba ne, wato bilicin kamar yadda ake ce masa a nan, share fata ne kawai, ita da kanta take haɗawa. Kafin ta miƙo mini kwalbar sai da ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'a da sunan Yesu. Edita, a cikin duk abin da matar nan ta yi mini, wannan addu'ar ce ta fi ƙona mini rai har gobe.

Man ya yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Cikin 'yan watanni na yi haske, kuma duniya ta sake mini fuska. Masu zuwa kitso suka fara tambayata sirrina. Aka dawo da ni layin gaba. Wani saurayi mai kaɗa fiyano a cocin, wanda muka yi shekaru muna atisayen waƙa tare bai taɓa ce mini sannu ba, ya fara raka ni tashar bas, har magana ta kai ga manya. Kowane yabo sai ya zame mini shaida cewa masu kirana gawayi gaskiya suka faɗa. Na koma wurin Tanti na ce ta ƙara ƙarfin haɗin, ta ƙara, ta haɗa mini da sabulu. Inna ba ta hana ni ba don tana ganin aure ya matso. Baba ne kawai wata rana, yana yankan albasa a rumfarsa, ya dube ni ya ce, "'Yata, me launina ya yi miki?" Na ce masa shi namiji ne, ba zai gane ba. Ya ci gaba da yankan albasarsa.

Daga nan jiki ya fara ba da amsa. Gaɓoɓin yatsuna suka ƙi yin fari, suka yi baƙi ƙirin kamar an ɗiga musu tawada. Nankarwa ta tsattsage mini damtse da cinya, faffaɗa, ja. In na tsaya a rana a Roxy sai kumatuna su yi zafi kamar an watsa barkono, ga wani ƙarni da turare ba ya rufewa. Na nuna wa Tanti, ta ce dattin cikin fata ne yake fita, in ƙara shafawa. Na ƙara. Ana cikin haka ciwon ciki ya kayar da ni a shago, aka kwashe ni zuwa asibiti a Treichville, aka yi mini aikin apandis. Aikin da ake yi wa wasu su tashi cikin ɗan lokaci, ni ya kusa kai ni kabari. Ɗinkin ya ƙi riƙewa domin fatar ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ciwon ya buɗe, ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ni. Likitan ya dubi yatsuna ya tambaye ni kai tsaye abin da nake shafawa. Ya ce man nan ne ya cinye ƙarfin fatata, shi ne kuma ya tayar mini da hawan jini a wannan shekaru nawa. Da aka raba ni da man, fuskata ta yi dabbare-dabbare, wani wuri fari, wani wuri ya fi na da baƙi, ga ƙuraje.

Saurayin ya zo sau ɗaya. Ya tsaya daga bakin ƙofa kamar wanda ya yi ɓatan ɗaki, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita. Bayan haka yayarsa ta je ta gaya wa Inna cewa sun fasa, wai na yaudare su da fatar da ba tawa ba. Mutumin da ya san ni da baƙina shekara da shekaru! Ita kuwa Tanti ta zo da matan zumunta da ledar lemo, suka kewaye gadona, ta ɗaga murya tana roƙon Allah ya tona duk wani ɓoyayyen zunubi da ya buɗe wa Shaiɗan ƙofa a rayuwata. Ban san inda na samu ƙarfi ba, na katse ta na ce babu wani ɓoyayyen zunubi, man da ta ba ni ne ya kwantar da ni. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce wa matan zazzaɓi ne ke sa yarinyar sambatu, ita ba ta taɓa tilasta wa kowa ba. Na bi hannuwan matan nan da kallo, na ga da yawansu gaɓoɓin yatsunsu irin nawa ne. Duk suka sunkuyar da kai suka ce amin.

Da aka sallame ni na rufe kaina a ɗaki. Na daina zuwa coci, na daina waƙa, kuma fushina mafi girma da Allah nake yi. Ina cewa shi ya fara, shi ya yi ni yadda kowa zai raina, da na nemi gyara kuma ya bar ni na ƙone. Wata rana da la'asar Baba ya dawo daga rumfa yana warin mai da kifi, ya zauna a kan benci da tsohon Littafi Mai Tsarki nasa na Hausa. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce idonsa ya yi rauni, in taimaka in karanta masa. Ni da na yi karatu da Faransanci, Hausa a rubuce da ƙyar nake haɗa ta, amma ban iya ce masa a'a ba. Ya buɗe mini Zabura ta ɗari da talatin da tara. Ina tuntuɓe ina tafiya har na kai wurin da mai zaburar yake cewa Allah ne ya harhaɗa shi a cikin uwarsa, kuma yadda aka yi shi abin al'ajabi ne. Na rufe littafin da ƙarfi na ce wannan ba da ni ake ba. Baba ya sake buɗewa ya ɗora mini a cinya ya ce, "To, ki nuna mini inda aka rubuta ban da ke." Ya ce in ina fushi da Allah in faɗa masa a fili, masu zabura ma sun yi, amma kada in yi masa ƙarya in ce ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Ba ranar na warke ba. Watanni na yi ina karanta littafin nan kamar mai neman faɗa, ina neman inda zan kama shi da goyon bayan masu raina ni. Ban samu ba. Sai ma na tarar da labarin annabi Sama'ila, wanda ya ga ƙirar babban ɗan Yesse ya ɗauka shi ne sarki, Allah ya ce masa mutum siffa yake dubawa, shi kuwa zuciya. Na tarar da mace a Waƙar Sulemanu tana faɗa da bakinta cewa ita baƙa ce kuma kyakkyawa ce. Na karanta wurin har na haddace. Duk zaman da na yi a coci tun ina goye, babu wanda ya taɓa tsayawa a kan wannan aya, amma an samu mai tsayawa ta sayar mini da guba. A hankali fushina ya bar kan Allah ya koma inda ya dace. Na gane cewa na ɗauki bakin yaran lakwal, da bakin Tanti, da idon wani saurayi, na ɗora su a kujerar alƙali sama da wanda ya yi ni.

Abin da ya fitar da ni daga ɗaki shi ne ranar da nake neman allura a jakar autarmu, hannuna ya faɗa kan irin kwalbar nan. Yarinyar ta fashe da kuka ta ce Tanti ce ta ba ta, ta ce mata ita kaɗan ya rage ta zama fara, kuma ni ban bi ƙa'idar shafawa ba ne. Ranar Lahadi na sa riga mai gajeren hannu, na shiga bas zuwa Treichville. Da aka zo lokacin ba da shaida na miƙe, ni da ban iya haɗa ido da mutum. Na ajiye kwalbar a kan tebur a gaban bagade, na cire gyalena, na ɗaga hannuwana kowa ya ga nankarwar da tabon. Na ce a cikin wannan ɗakin aka ba ni wannan man, da addu'a a kai, kuma yanzu an bai wa ƙanwata. Ban kama suna ba, amma duk kawuna suka juya wuri ɗaya. Mijin Tanti ya yi wa mai kula da na'ura alama aka kashe makirfo. Sun manta irin muryar da Allah ya ba ni. Na ƙarasa maganata har na bayan ƙofa sun ji, na karanta musu zaburar nan da Hausata mai tuntuɓe, na zauna.

Fasto ya kira ni ofishinsa ya ce ya kamata a ce na same shi a keɓe. Na ce masa na faɗa a gadon asibiti a gaban matan cocinsa aka ce sambatu nake. Ya ce in yi ƙoƙarin yafewa. Ina ƙoƙari, amma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa na gama ba. Tanti ta sauka daga shugabanci ta koma wani coci, kuma na ji har yanzu tana haɗa manta. Wasu mata sun daina gaishe ni, wai na kunyata ikilisiya a gaban baƙi. Wasu kuwa sun riƙa zuwa shagonmu kamar kitso ya kawo su, sai mun keɓe su janye hannun riga su tambaye ni yadda ake dainawa. Ina tura su wurin likitan fata, domin dainawa farat ɗaya ma tana da nata haɗarin. Autarmu ta tsira da fatarta.

Ni tawa ba ta dawo daidai ba, kuma likita ya ce wasu tabban da su zan mutu. Ina shan maganin hawan jini kullum. Akwai safiyar da tsohuwar muryar nan take dawowa ta ce mini dubi yadda kike, amma yanzu ina da abin mayar mata, kuma ba daga bakin mutum na samo shi ba. Abin da na koya shi ne raina kai ba tawali'u ba ne, ƙaryata Allah ne a kan aikin hannunsa. Iyaye mata, ku daina yaba ɗiya ɗaya kuna yi wa ɗaya jaje, domin tana ji, kuma wata rana wani zai zo ya ci kasuwa da abin da kuka shuka. Shugabannin coci, ku dubi yatsun matan da ke tafa muku a layin gaba, ku daina yi kamar ba ku gani ba. Ke kuma 'yar'uwata da kike tsaye gaban madubi kina jin an rage ki, ki buɗe Littafin da kanki ki nemi inda aka ce haka. Duk wanda ya zo ya ce miki Allah ya bar gyara a jikinki, ko da addu'a ya fara, ki dubi ɗaya hannun nasa. Akwai abin da yake sayarwa.