Teburin Dala Ɗari

Ƙanena ya yi shekara huɗu yana aiki a jirgin ruwa kafin ya nemi aure. Ba jirgin kaya ba ne, irin wanda masu hali ke shiga ne su yi mako ɗaya ko biyu suna yawo a teku, suna ci suna hutawa. A gida kowa ya san a otal ɗin jirgi yake aiki, har Inna. Ni kaɗai na san ko wane ɗaki ne a cikin otal ɗin.

A wani babban otal na nan Abuja ya fara, yana ɗaukar faranti. Wani oga ya lura hannunsa na da sauri, kansa kuma yana ja, sai ya mai da shi ɗakin caca ya koyi rabon karta. Daga nan ya samu hanyar jirgi. Ranar da ya gaya mini na yi masa faɗa sosai. Ya ce shi ba ya zuba ko sisi, rabawa kawai yake yi. Na san wannan ba hujja ba ce, shi ma ya sani. Amma ya yi mini alkawarin zai tara jari ya bari, ni kuma na riƙe masa sirri.

Ni shinkafa da wake nake aunarwa a kasuwar Mararaba, mudu-mudu, har rabin mudu ina sayarwa. In ya zo hutu yakan zauna a kan buhu a rumfata ya yi ta ba ni labari. Ya ce akwai teburin da ake neman ashirin da ɗaya da karta, akwai na faifai mai juyawa da 'yar ƙwallo fara, akwai na jefa 'ya'yan lido irin na manya. Ba sa buɗewa sai jirgi ya bar gaɓa ya shiga tsakiyar ruwa. Kuma kowane tebur yana da ɗan allo a gefe, an rubuta mafi ƙarancin abin da mutum zai iya zubawa a hannu ɗaya.

"Na dala biyar tsofaffin mata ne ke cika shi, Yaya. Su zauna tun hantsi suna ba ni labarin jikokinsu. Ranar da jirgi bai tsaya ko'ina ba, mutane sun rasa abin yi, sai manaja ya zo ya cire allon ya sa na goma sha biyar. Ka ga tsofaffina suna tattara jaka suna harararsa."

"Kai a wanne kake?"

"An ɗaga ni. Na dala ɗari."

"Hannu ɗaya?"

"Hannu ɗaya. Wanda bai kai ba ko kujerar ba ya taɓawa."

"Ashe kai dila ne, babban ɗan sari," na ce. "Ka wuce 'yan mudu irinmu."

Ya yi dariya har yana dukan buhu. Amma ni har raina na faɗa. A layinmu na kasuwa akwai alhazan da ba sa buɗe buhu, in ba za ka ɗauki guda ba ka yi gaba. Shekara ashirin ina kallonsu ina cewa wata rana. To ga ƙanena, wanda na goya, ya kai inda ba ya sauraron ƙaramin ciniki. Na san caca ce, amma wani gefe na zuciyata ya ji daɗi, ban kuma tsawatar masa ba.

A wannan hutun ya ga yarinyar, malamar firamare a Jiwa. Mahaifinta ya rasu, baffanta ne waliyyinta, wani Alhaji Bazazzagi mai shagon atamfa a Wuse. Suka daidaita, muka kai gaisuwa. Kafin ƙanena ya koma ya ja ni gefe a tasha. Ya ce ya riga ya nemi a mai da shi ɗakin cin abinci in kwantiraginsa ya ƙare, ko da albashin ya ragu da rabi. Wata biyar ya rage masa. Ita yarinyar ta sani.

"In sun zo bincike, ka ce a jira ni. Ni zan yi wa Alhaji bayani da bakina. Ka ji, Yaya?"

"Yaro ne ni? Shiga mota."

Bayan wata biyu sai ga Alhaji a rumfata da safe, ba sanarwa, kamar yadda masu bincike ke yi. Na share masa benci, na aika a kawo ruwa. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi asalinmu, ya tambayi ko yaron na salla. Duk na amsa hankali kwance. Ya ɗebi shinkafa a tafin hannu yana dubawa.

"To Malam, aikin nan nasa na jirgi. Na tambaya, an ce mini yaranmu da ke zuwa can yawanci wanke-wanke suke yi da gyaran gado. Ba laifi ba ne, sana'a ce. Amma ka san 'yar tawa ta yi karatu. Lauya ma ya nema."

"Ba wanke-wanke yake yi ba, Alhaji."

"To boyi ne? Mai kai wa Turawa shayi?"

Ya faɗa yana murmushi. Maƙwabcina mai manja yana ji, ya ƙyalƙyale da dariya. Mutane na cewa ina da haƙuri, ni ma na ɗauka haka ne. An zage ni a kasuwar nan ban tanka ba. Amma ban taɓa jin an rena ƙanena a gabana ba, sai ranar.

Na ce, "Alhaji, tebur gare shi nasa na kansa. Kuma ba kowa ke zama a gabansa ba. Wanda bai ajiye dala ɗari ba, ba ya ko kallonsa. Kamar ku ne da ba ku yanka yadi, sai turmi."

"Tebur na me?"

A nan ne ya kamata in ce a jira shi. Amma na riga na hau, sai na ci gaba. Na ba shi labarin allon, da na dala biyar, da yadda ake ɗaga mutum daga ƙaramin tebur zuwa babba in an yarda da hannunsa. Ina magana ina jin daɗin bakina. Sai da na ga ya mai da shinkafar cikin kwano, ya kaɗe hannunsa a hankali, sannan na ji abin da nake faɗa.

"Wato ba ɗan caca ba ne," in ji shi. "Uban 'yan caca ne."

"Zai bari, Alhaji. Wata uku ya rage. Ya ce shi zai zo ya yi maka bayani."

"Ai ka hutar da shi." Ya miƙe, bai sha ruwan ba. "Da ka ce mini yana yi yana jin kunya, da mun zauna mun yi magana. Amma kai babban wansa alfahari kake yi da shi, a tsakiyar kasuwa. Gidan da zan kai 'yata ke nan?"

Kwana uku aka dawo mana da kayan gaisuwa. Inna ta tambayi dalili, na ce Allah bai yi ba. Kafin mako ya zagayo matan layinmu sun kai mata sauran labarin, domin mai manja ba ya riƙe magana.

Na je Wuse wurin Alhaji sau uku. Na farko ya ce a ce mini ba ya nan, ina hango hularsa. Na biyu na zauna a bakin shago daga azahar har la'asar. Na uku ya kira ni ciki. Ya ce ya ga na san kuskurena, kuma yarinyar ta hana shi sakat. In yaron ya bar jirgin gaba ɗaya, ba sauya ɗaki ba, ya dawo gida kafin babbar salla, za a duba.

Tun a cikin motar Mararaba na kira ƙanena. Bai ɗauka ba, sai washegari ya kira, jirginsu ya tsaya a wani tsibiri. Na gaya masa duka ina haki, na ce ya zo mu haɗa jari, rumfar ta ishe mu mu biyu.



"Inna ta kira ni tana kuka," ya ce. "Ta ce kada in sake aiko mata da komai. Da wane ido zan shiga layin nan? Shekaranjiya na sa hannu a sabon kwantiragi, wata tara."

"A ɗakin abinci?"

"A'a."

Na ce ya je ya roƙi manajan a soke. Na ce ni zan koma wurin Alhaji in nemi a ƙara lokaci.

"Don Allah, Yaya, kada ka sake zuwa ko'ina saboda ni," ya ce. "Ka gaida yara."

An ɗaura auren yarinyar da wani bayan sallar da wata biyu. Shi kuma hutunsa na bana a Legas ya yi shi, wurin wani abokin aikinsa.