Tuwon Baba a Bakin Kwata

Shekarar da sojoji suka koma bariki, yayana ya shiga yawon kamfen. A can aka koya masa ƙwaya, daga baya ya haɗa da sholisho. Kafin damina ta zagayo ya rame, hannunsa yana karkarwa kamar na tsoho.

A layinmu na Yakasai magidanta ciyayya suke yi bayan magariba, kowa ya fito da tuwon gidansa a haɗu a tabarma ɗaya. Rannan yayana ya zo yana tangaɗi zai zauna, sai wani maƙwabcinmu ya janye kwano ya ce wa mahaifinmu, "Alhaji, ba ma haɗa hannu da ɗan maye."

Na zaci Baba zai kori yayana, ni ma abin da nake so ke nan. Baba fa mutum ne da ko gyaran muryarsa aka ji sai layi ya yi tsit. Sai ya ɗauki kwanonsa ya bar tabarmar, ya zauna a ƙasa bakin kwata da farar rigarsa.

"Zo mu ci," ya ce wa yayana.

Loma ta ƙi zama a hannun yayana. Baba ya riƙe masa wuyan hannu har ta kai baki. Kullum haka, har yayana ya kwanta asibiti ya fito ya daina shaye-shaye.

Da Baba ya tsufa nasa hannun ya fara rawa, dukkanmu muna nan. Amma daga hannun mutum ɗaya kaɗai yake yarda ya ci.