Ranar da Na Zama Janar ɗin Japan

Ko yau na ji ƙarar karan dawa ya karye, sai zuciyata ta koma gonarmu bayan girbi. Ka san lokacin: rumbu ya cika, manya sun sarara, fili ya zama namu. Da kara muke ƙera bindigogi mu yi wasan yaƙin ƙasar Bama, inda kakanmu ya yi soja. Da yake ni ne ƙarami a cikin masu wasan, kullum ni yayyena ke naɗawa janar ɗin Japan, wanda za a kama a tumurmusa.

Wata rana da hantsi na tafi wurin Kaka a gindin ɗorawa ina kuka, na ce na gaji da zama janar ɗin Japan. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Abokina, ka san wanda kake rainawa? Ni na yi gadinsa bayan yaƙi!"

Ya ce wani tafinta ne ya ba su labarin janar ɗin. Ɗan manomin shinkafa ne, ya shiga soja da ƙuruciya, ya yi ta hawa har rundunoni suka koma ƙarƙashinsa. Ta cikin kurmi yake ɓullo wa Turawa ta baya. Da damina ta sauka, yunwa da zazzaɓi suka fara cin sojojinsa, manyansa suka ce ya ci gaba. Ya ƙi, ya janye su don sauran su rayu.

"Mun sha wuya a hannunsa," in ji Kaka. "Amma ranar da ya miƙa takobinsa, tsaye yake ƙyam."

Washegari na kwashi ƙannena muka yi rarrafe ta cikin kunyoyi. Muka dirar wa yayyena ta bayan tarin kara da ihu! Babban wanmu ya faɗi warwas, muka hau shi muna tsalle. Sai ƙaya ta soki ƙanwata, ta fashe da kuka. Na tsayar da yaƙin, na miƙe ƙyam, na miƙa takobina na kara. Daga gindin ɗorawa, Kaka ya tashi a kan sandarsa ya sara mini.

Yanzu gidaje sun cinye rabin gonar, yara kuma a waya suke yaƙinsu. Kwanaki ɗana ya nuna mini hotunan janar-janar na Japan, ya ce, "Baba, wanne ne?" Na daɗe ina duba fuskokin. Mai iya gane shi yana kwance a maƙabartar gabas da gari. Allah ya jiƙan Kaka.