Littafin da Babu Shi a Kan Kanta

A shekarun da aka hana hawa moto, wato babur, a Diffa, mu biyu ne ke aiki a ɗakin karatu na gari. Wata ƙungiyar agaji ta biya mana abonma, wato kuɗin hayar littattafan da ake karantawa a ordinatar, kwamfuta ke nan. Adadinsu ƙayyadadde ne, sai an soke wani ake ɗauko wani. Abokin aikina, wani dattijo tsohon malamin makaranta da muke ce wa Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, shi ke zaɓo su. Ni kuma in shigar da sunayensu a katalog, don mai nema ya san me muke da shi.

Matsalar ita ce Mushe ba ya faɗa mini komai. Duk inda ya samu rezo, wato sabis na waya, ko a bakin masallaci ne, sai ya fito da wayarsa ya soke wannan littafi ya ɗauko wancan. Ni ina zaune a birona, ɗan ofishina, ina ta shigar da abin da ya riga ya soke.

Akwai wata mata da ta gudo daga Najeriya, rikici ya katse mata karatun ungozoma. A ƙasa take tahowa daga ƙarshen gari, cikin rana. Katalog ya ce muna da littafin da take so. Na danna, babu. Ta dawo, rezo ya ɗauke. Da ta sake dawowa na samu Mushe a bironsa.

"Mushe, ina littafin ungozoma?"

"Ai na canja shi, ɗiyata. Na ɗauko na noman tattasai."

"Wa ke noman tattasai yanzu? Gonakin bakin kogin Komadugu ma wa ke zuwa cikin wannan rikici?"

"To, ai za a koma wata rana."

Raina ya ɓaci. Na jawo teburina da ƙara, na kutsa shi cikin ɗan bironsa har ƙofa ta daina rufuwa. Na ce daga yau ba zai taɓa wayar nan ba sai a gabana.

Ya maido littafin, yana gunaguni da Barbarci. Matar ta zauna ta fara karatu, ba ta gama babi ɗaya ba kuran, wutar lantarki, ya tafi. Ta dube ni, na dubi Mushe.

"Wannan kam ba ni ba ne," in ji shi.

Ta ci gaba da zuwa, tana kwafa da hannu duk lokacin da wuta ta zo. Ni kuwa na shekara ina shaƙar turarensa, ina jin rediyonsa a cikin kunnena.