Abaya Talatin, Yara Ashirin Da Ɗaya

A ƙarshen shekarun casa'in ni mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, da digirin Larabci a akwati, da girman kai wanda ya fi digirin nauyi. Maigidana injiniya ne a matatar mai ta Yanbu, yana zuwa mana Madina ranar Laraba da yamma ya koma Juma'a bayan la'asar, ni kuwa ina unguwar Aziziyya da yara. Da zaman gida ya ishe ni sai na kama aiki a wata firamaren 'yan mata da iyalan Hausawan Madina suka haɗa hannu suka kafa. Ba ta gwamnati ba ce kai tsaye, amma da izininta take aiki. Hukumar ilimi ke ba mu manhaja da littattafai, ita ke sabunta mana takardar izini, ita kuma ke turo mai duba makarantu, wadda ake ce wa muwajjiha, ta ga ko muna cika abin da muka sa wa hannu. Shugabar makarantar, wato mudira, dattijuwa ce 'yar ƙasa, kakanninta ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Ni ce mataimakiyarta, karatu da jarrabawa duk a hannuna suke. Na daɗe ina ɓoye wannan labari, yau dai na ga gara in amayar da shi ko wata ta amfana.

Burina a lokacin shi ne mu buɗe sashen gaba da firamare, domin duk shekara 'yan aji shida sai su watse cikin makarantun gari muna kallo. Na zauna na tsara buɗe aji uku a lokaci guda. Mudira ta duba takardar, ta ce mini 'yata, mu nemi aji ɗaya tukuna, sannu ba ta hana zuwa. Na yi mata murmushin ladabi, a zuciyata kuwa na ce tsufa ne ke magana. Na matsa mata har ta sa hannu. Hukuma ta amsa cewa kafin a duba buƙatarmu muwajjiha za ta zo ta ji karatun 'yan aji shida da kunnenta.

A nan matsalata take. Yaran ajin kashi biyu ne. Ashirin da ɗaya haifaffun Madina ne, Larabci kamar ruwa a bakinsu, suna jin Hausa sarai amma ko uwa ta yi musu magana da ita da Larabci suke amsawa, abin da iyayen ke ta kuka da shi. Tara kuwa baƙi ne, 'ya'yan likitoci da masu harhaɗa magunguna da malaman jami'a da ba su daɗe da zuwa daga Nijeriya da Nijar ba, ɗaya daga Cadi. Kaifin ƙwaƙwalwa ba a magana, a lissafi su ke gaba, Alƙur'ani kuma suna karanta shi daidai. Amma a miƙa musu littafin tarihi ko na kimiyya a ce su karanta su yi bayani, sai inda-inda. Gaskiyar da ban so faɗa ba ita ce ni na jera su a layin baya tun farkon shekara, na ce harshe zai zo da kansa, na kau da kai.

Ranar da muwajjiha za ta zo, mudira tana asibiti ana duba mata gwiwa, makaranta ta zama tawa ni kaɗai. Bayan an gama layin safe na kira yaran tara, na hau da su ɗakin da ke saman bene inda muke tara tsofaffin tebura. Na raba musu biskit da lemo, na ce su zauna shiru, akwai darasi na musamman da za a zo a yi musu. Na bar mai shara tare da su. Na sauko na ɗauki littafin kiran suna na rubuta wa kowaccensu ba ta zo ba, na kuma tanadi amsa cewa mura ce ke yawo a unguwa. Wallahi ko gezau zuciyata ba ta yi ba, har yaba wa kaina dabara nake yi.

Muwajjiha ta iso, siririyar mace mai tabarau, ba ta da yawan magana. Na kawo mata gahawa da dabino, ta ce sai an gama aiki. Ta shiga aji, yara ashirin da ɗaya suka yi karatu kamar a gidan rediyo, ta yi ta gyaɗa kai tana rubutu, ni kuwa a tsaye a gefe ina jin kamar an riga an buɗe azuzuwan nan uku. Da muka fito sai ta tsaya a baranda. Al'adar makarantun mata a can ita ce yarinya na shigowa za ta cire abayarta ta rataye, sai an tashi ta ɗauka. Ni da kaina, don son a ce ina da tsari, na sa aka kafa ƙusa talatin a bangon aji shida, ƙarƙashin kowace ƙusa na rubuta sunan mai ita da hannuna. Matar nan ta bi bangon da yatsa tana ƙirgawa, ta buɗe littafin kiran suna, ta sake ƙirgawa. Sannan ta juyo cikin sanyin murya ta tambaye ni ko a ƙasarmu yara kan aiko abayarsu makaranta su kuma su kwanta a gida. Ta ce in kai ta inda suke.

Ban taɓa hawa matakala mai tsawon wannan ba. Da muka buɗe ƙofa yaran suka miƙe suka gaishe ta. Ɗaya daga cikinsu, 'yar wani likita, ta harhaɗa ɗan Larabcinta ta ce Abla, haka suke kiran malama, ta ce musu za a zo a yi musu darasi na musamman, ko ita ce malamar da suke jira? Muwajjiha ta kalle ni, sannan ta ce wa yarinyar e, ita ce. Ta goge ƙura daga wani karyayyen tebur ta zauna, ta saurari karatun kowacce ɗaya bayan ɗaya, ba ta katse kowa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsaya a bakin ƙofa hawaye na zuba, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan mako biyu takarda ta zo. An ƙi buƙatar faɗaɗawa, an kuma ba mu gargaɗi: zuwa jarrabawar ƙarshen shekara, in ba a ga gyara a karatun yaran nan ba, ba za a sabunta izinin makarantar ba. Makarantar da mutane suka gina da guminsu, mai yara fiye da ɗari, ga ta a bakin rami saboda ni. Kafin Juma'a labari ya gama gidajen Hausawan Madina, in na shiga gidan suna sai hira ta mutu. Maigidana da ya zo bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi a wurin aikinsu wanda ya ɓoye wa mai dubawa bututun da ke yoyo shi ke ƙona matata da mutanen ciki. Na rubuta takardar barin aiki na kai wa mudira a gida. Ta karanta, ta linke, ta tura ƙarƙashin faifan shayi. Ta ce halas, wato magana ta ƙare, ba inda za ni, wanda ya ɓata shi zai gyara, kuma gyaran zai fara ne daga bin gidajen nan tara ina ba iyaye haƙuri da bakina. Na bi su kaf. Takwas suka haƙura bayan na sha magana. Uban ta tara ya saurare ni daga bayan labule, ya ce ya yafe, amma 'yarsa ba za ta sake zama a inda ake jin kunyar ta ba. Ya cire ta, kuma da gaskiyarsa.

Hukuma ta ce mu rubuto tsarin gyara, mu riƙa aika rahoton kowace yarinya duk ƙarshen wata. Ni mai digiri dabara ta ƙare mini. A gidan mudira na tsince ta. Wata rana na je da ɗaya daga cikin yaran, sai na ji ta a tsakar gida da jikar mudira suna haɗa wasa. Baƙuwar na tambaya da Hausa, jikar na amsawa da Larabci, ba wadda ta ce wa wata me kika ce, har baƙuwar ta fara maimaita kalmomin ba ta sani ba. Ashe abin da iyaye ke kuka da shi magani ne a hannunmu. Washegari na rushe layin baya. Kowace baƙuwa na zaunar da ita kusa da haifaffiyar Madina, na ce ta tambayi duk abin da ya shige mata duhu da Hausa, abokiyar zamanta kuma ta amsa mata yadda take amsa wa uwarta a gida. Na ƙara rabin awa kafin layin safe, muna karatu da ƙarfi bi da bi, iyaye mata suka raba kwanaki suna aiko mana da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis. Rahoton wata na farko ya fito da muni, bakwai cikin takwas ba su kai ba. Alƙalami ya so ya karkace a hannuna, na danne shi na rubuta yadda yake. A wata na uku huɗu suka haye. A na biyar sai da na fara tsawata musu saboda surutu da Larabci a aji, ban taɓa jin daɗin tsawa irin wannan ba.

Muwajjiha ta dawo ba sanarwa, ana saura wata guda jarrabawa. Ta zauna a cikin yara, ta nuna 'yar likitan nan ta ce ta karanta. Yarinya ta karanta shafi guda ba tuntuɓe, ta yi bayani, har ta ce akwai wurin da ba ta yarda da littafin ba ta kawo dalilinta. Na ga matar ta cire tabarau tana dariya. Ta gwada sauran bakwai, ta duba rahotannina na wata-wata, ta ce mini wanda ya fi burge ta shi ne na farkon, mai munin. Da sakamakon ƙarshen shekara ya fito, takwas ɗin duk sun ci, biyu suna cikin biyar na farko. Takarda ta biyo baya: an janye gargaɗi, an sabunta izini, an yarda mu buɗe aji ɗaya, a ƙara ɗaya duk shekara muddin sakamako bai faɗi ba. Mudira, da gwiwarta da komai, ta miƙe ta rangaɗa guɗa a ofis, malamai suka taya ta. Ta tsokane ni ta ce ashe tsohuwa ma takan yi daidai wani lokaci. Cikin shekara uku sashen ya cika, har hukuma ta riƙa turo malamai daga wasu makarantu su ga yadda muke zaunar da yara.

Na yi farin ciki, har yau ina yi, ba kuma zan yi kawaici a kai ba. Sai dai nasarar ba ta goge abin da na aikata ba, domin yarinya ɗaya ta tafi da tabon da ni na yi mata, ban kuma sake ganin ta ba. Abin da na koya shi ne mai dubawa ba maƙiyiya ba ce, ni ce na mai da ta haka ranar da na fi damuwa da girman makaranta a kan yaran da ke cikinta. 'Yan'uwana masu riƙe da makarantu, a nan ko a gida, kada kwaɗayin ƙara aji ya sa ku gina sama alhali ƙasa ba ta yi ƙwari ba, kada kuma ku gyara takarda ku bar yaro. Duk yarinyar da kika ji kina son ɓoye ta ranar dubawa, ita ce aikin da aka ɗauke ki ki yi, ki jawo ta layin gaba tun kafin a ƙwanƙwasa miki ƙofa.