Motar Tseren da Muka Haɗa a Kurfi

Maigidana mai fentin mota ne. Shekara goma sha tara ya yi yana fesa fenti a wani gareji a Dutsin-Ma, har mutane kan kawo mota daga Makera da Kurfi su ce shi suke so ya taɓa ta. Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi. Kafin azahar bakinsa ya karkace. A asibiti aka ce mana hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki.

Ƙafa ta dawo a hankali, magana ma ta dawo, ko da yake da nauyi. Hannun ne ya tsaya. Da zama ya gagare mu a Dutsin-Ma sai muka kwashi yara muka koma gidansu a Kurfi, wurin mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Likitar gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ce yatsun nan suna bukatar aiki kullum. Sati biyu ya yi yana matsawa, daga nan ya tura ta ƙarƙashin gado. Ya daina fita zaure. In abokan aikinsa sun zo sai ya ce a ce yana barci. Tuwo kuwa yadda na ajiye haka nake ɗaukewa.

Wata rana ina share ɗaki ya ce, bai ko dube ni ba, "Ki kwashi yaran nan ki koma gidanku."

"Malam, me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba. Ni ne na ƙare."

Na fita da tsintsiya a hannu na tsaya bayan rumbu. Addu'a mun yi, magani mun sha, lallashi na yi har bakina ya gaji. Ban san abin da ya rage ba.

Washegari na je Dutsin-Ma kwaso ragowar kayanmu daga ɗakin da muka tashi. A saman sif na tarar da wani kwali mai hoton jar mota mai faɗi, ƙasa-ƙasa, da wani abu kamar fiffike a bayanta. Na tuna shi. Wani malamin jami'a ne ya ba shi kyauta bayan ya yi wa motarsa fenti. Ƙaramar motar tsere ce ta roba da ake haɗawa da hannu, guntu-guntu. Lokacin yakan sauko da kwalin ya duba, ya ce in ya sami sarari zai haɗa ta. Bai taɓa samu ba. Na rungumo kwalin a mota har Kurfi, ban yarda an sa shi a but ba.

Da ya gani sai ya ce, "Wasan yara kika kawo mini?" Ya juya ga bango.

Ni ɗinkin hula nake yi, yatsuna sun saba da ƙananan abubuwa, amma ban san komai game da mota ba. Duk da haka na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarsa, na juye kayan a faranti. Sassan suna maƙale a jikin wasu sanduna na roba kamar 'ya'ya a reshe, kowanne da lambarsa. Akwai takarda mai zane, rubutun ban iya karanta shi ba, sai dai na bi hoto. Da abin yanke farce nake ciro su, in kankare bakin da reza, in ɗiga gam da tsinken sakace. Wani guntun bai fi ƙwayar gero biyu ba, sai da hantsaki.

Kwana uku ina yi bai ce uffan ba. A rana ta huɗu ina ƙoƙarin manna wani lanƙwasasshen bututu a saman inji sai na ji muryarsa.

"Salansa ce. Wa ya taɓa ganin salansa a sama?"

Ban ɗago ba, don kada ya ga idona. Na ce, "To ina take zama?"

"Juya injin. A'a, ɗaya gefen. Kin cika gam, zai cinye robar."

Daga ranar ya zama shi ke faɗa ni ke yi. Yakan matso har bakin tabarma, ya sa na goge kowane guntu da samfefa kafin in manna. Ya sa na shafa wa injin ruwan azurfa, sa'an nan na bi lungunansa da baƙi mai ruwa-ruwa don ya yi kamar ya taɓa aiki. Da ya ga bel ɗin kujera na roba bai yi masa ba, sai na yanko siririn ƙyalle daga kayan ɗinkina. Ya fara cin rabin tuwonsa. Amma hannun dama yana kan cinyarsa a dunƙule, ko sau ɗaya bai miƙo shi ba. In na ce ya riƙe mini taya sai ya miƙo hagu.

Da muka zo kan bodi ya ce, "Fenti ba naki ba ne." Ya aika gareji aka kawo masa ɗan jan fenti a kwalba da tina, ruwan da ake tsinka shi da shi. Ya dama da kansa, ya ɗaga sama ya duba, ya ƙara ɗigo biyu. Sa'an nan ya ɗauki hannun dama da na hagu ya ɗora a gwiwa, ya ce in sa masa burushi tsakanin yatsu. Na sa.

Jan burushi na farko ya tafi daidai. A na biyu hannun ya kama karkarwa, burushin ya zame, fenti ya zuba a kan gilashin gaba ya gangara cikin kujera. Ya tsaya yana kallo. Sai ya sa hannun hagu ya kwaɗe farantin. Komai ya watse a tsakar gida, cikin yashi. Fiffiken ya karye biyu.

Ban taɓa jin kukansa ba sai ranar. Ko da mahaifinsa ya rasu bai yi a gabana ba.

Inna ta fito daga madafi ta dube mu. Ta ce mini, "Ɗiyata, ƙyale shi hakanan. Wanga abu ƙara mishi ciwo yakai."

Na ce, "Inna, in na ƙyale ban da wani abin kuma."

Sai ta koma ciki ta fito da rariyar tankaɗe ta miƙo mini. Muka durƙusa ni da ita muna tankaɗe yashin tsakar gida har la'asar ta yi sanyi. Mun sami sitiyari, mun sami tayoyi huɗu da fitila. Madubin gefe ɗaya bai fito ba, duk da sau biyu muka bi wurin.

Kwana biyar bai yi mini magana ba, abinci kuma ya koma yadda yake da. Na wanke sassan na jera su a faranti na ajiye inda zai gani, ban ƙara taɓawa ba. Na fara tunanin Inna ta fi ni gaskiya, ni ce na kai shi inda ya ga iyakarsa da idonsa. Ko sallah nake yi abin da ke raina ke nan.

A rana ta shida na dawo daga ɗiban ruwa na same shi a kan tabarma. Ya danne bodin da dunƙulallen hannun dama, yana goge busasshen fentin da samfefa da hagu. Aikin ba ya sauri, bodin yana ta zamewa yana jawo shi.

"Zo ki riƙe mini tsintsiyar hannu," in ji shi. "Hagun ba ta san hanya ba."

Haka muka yi fentin, sau uku, siriri-siriri, ina riƙe da hannunsa na dama yana ja. Fiffiken ya ɗinke shi da gam ya cike tsagar da foti, ƙullin da ake cike lotsawar mota da shi. Gilashin bai koma garau ba. Lambobin jikin motar irin waɗanda ake jiƙawa a ruwa ne su zame daga takarda. Ta ƙofar dama ta yage, ta hagu ta zauna a ɗan karkace. Ya daɗe yana dubanta, ya ce da a gareji ne ba zai bari mota ta fita haka ba.

Hannun dama bai dawo ba. Likita ta ce yatsu biyu sun ɗan saki, kada mu sa rai fiye da haka. Har yanzu akwai ranakun da yake juya wa kowa baya, in rasa inda zan sa kaina. Ranar kasuwar Kurfi da ta wuce wani abokin aikinsa ya zo da murfin tankin wata mota, ya ce sun kasa haɗa kalar. Na shiga na faɗa masa, ina jiran ya ce yana barci. Sai ya ce in miƙo masa hularsa, kuma a fitar da murfin rana, don ba a duba kala a inuwa.